Kyandir Ba A Hura Shi A Juya Baya

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana kan abin da na san wasu za su ce bai kai a ɓata tawada dominsa ba, wato yadda ake kashe kyandir a cikin gida.

Kowace shekara idan hunturu ya kawo kai, ana ta jan kunnen jama'a a rediyo game da tukunyar gas, da hitar da ake mantawa a jone cikin bokiti, da kaskon garwashin da ake kwana da shi a ɗaki. Duk gaskiya ne. Sai dai ban cika jin an ambaci kyandir ba, ina jin don masu shirya shirye-shiryen sun ɗauka zamaninsa ya wuce, tunda ga fitilar caji, ga sola, ga tocilar waya a hannun kowa. To ni mai shagon kayan masarufi ne a Jekadafari, nan cikin garin Gombe, kuma na san abin da ke fita daga shagona tsakanin magariba da isha'i. Fitilar caji sai da wuta ake cajinta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta da yawa suka yi shiru a unguwarmu, kananzir kuwa ya daɗe da haura naira dubu a lita, har fitilar ƙwai ta koma ƙarƙashin gado. A watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka samu matsala arewa ta shafe kwana da kwanaki cikin duhu, da na buɗe kwalin kyandir kafin in juya ya ƙare. Gidajen da na san suna da rufin asiri, masu firji da talabijin, su ma suna aiko yara a sayo musu.

Masu sayen kuwa iri-iri ne. Akwai ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO, akwai matar da ke ƙulla gyaɗa da sukari da cincin a leda tana liƙe bakin da harshen wuta, akwai tela mai ƙone bakin zare, akwai amaryar da ta fi son mai ƙamshin nan na cikin kofin gilashi. Mafi yawa dai yaro ne ƙarami zai shigo da kuɗi a dunƙule cikin tafin hannu, ya ce, "Baba mai shago, wai in ji Goggo a ba ni kyandir biyu da ashana." Duk waɗannan sun iya kunnawa. Abin da na lura shi ne kusan babu wanda aka taɓa koya wa kashewa. Hurawa kawai ake yi, fuu, a juya baya a shige cikin bargo.

Akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin kwana-kwana da muke zaman majalisa da shi a bencin ƙofar shago. Shi ya fara nuna mini abin da ke faruwa idan an hura kyandir, kuma kowa zai iya gwadawa da rana tsaka, a tsakar gida, nesa da kaya. Ka kunna kyandir ka bar shi ya ɗan ci, ka ƙyasta ashana ka riƙe, sannan ka hure kyandirin. Za ka ga farin hayaƙi ya miƙe sama daga lagwani. Ka kai ashanar cikin hayaƙin nan, ɗan sama da lagwanin ba tare da ka taɓa shi ba. Wutar za ta bi hayaƙin ta sauka, kyandir ya sake kamawa. Dalilin shi ne, ba lagwani ne ainihin abin da ke ci ba. Zafi ne ke narkar da kyandirin, lagwani ya tsotso ruwan zuwa sama, ruwan ya zama tururi, tururin nan shi ne makamashin. Idan ka hura, ka ture harshen wutar ne kawai, amma kan lagwanin yana nan ja, yana ci gaba da fitar da tururin. Wannan farin hayaƙin mai warin da ke sa yara tari, kyandir ne da bai ƙone ba yake yawo a ɗaki.

Hayaƙin ma shi ne mafi sauƙi cikin illolin hurawa. Wanda ya cika kumatu ya hura da ƙarfi yakan watsa ruwan kyandir mai zafi a kan tabarma, ko littafi, ko fuskar yaron da ya tsuguna a ɗaya gefen yana kallo. Idan lagwanin ya yi tsawo ya yi baƙin kai, hurawa na iya tsinke jan kan nan ya faɗa a kan zanen gado, mutum bai gani ba tunda duhu ya riga ya rufe. Siririn farin kyandir irin wanda muka fi sayarwa kuwa, idan ba a kafa shi da kyau ba, iskar baki kaɗai tana kayar da shi. Ga kuma mata masu dogon hijabi da mayafi, da za a sunkuya a kai fuska dab da wuta. Yawancin yadin hijabin yanzu na roba ne, ba ya tsayawa ci a hankali, narkewa yake yi ya manne a fata. Harshen kyandir da muke rainawa zafinsa yana kaiwa digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa.

To yaya za a yi? A rufe shi. Wuta ba ta rayuwa sai da iska, idan ka kife mata abu ta cinye ɗan abin da ke ciki sai ta mutu da kanta, babu fantsama, hayaƙin ma kaɗan ne. A ƙasashen Turai akwai wata ƴar hula ta ƙarfe mai dogon mariƙi da suke amfani da ita tun zamanin da ba su da lantarki. Mu ba sai mun saya ba. Ga yadda na haɗa tawa: na samu ƙaramin gwangwanin tumatir, na cire murfin gaba ɗaya, na wanke, na daddanne kaifin bakin da guduma don kada ya yanki mutum. Sai na ɗauko waya mai kauri irin ta rataye kaya, na zagaye cikin gwangwanin da ita daga waje, na murɗe da filaya har ta kama gam, na bar sauran ta miƙe ta zama mariƙi mai tsawon taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Kada a huda gwangwanin don zura wayar, ramin zai riƙa ba wutar iska. Idan za ka kashe, sai ka kifa shi a hankali har harshen ya shige ciki gaba ɗaya, ka riƙe ka ƙirga goma, sannan ka ɗaga. Ƙirgan nan shi ne muhimmi, don shi ke ba jan kan lagwani damar mutuwa. Wanda bai da lokacin wannan aiki, ƙaramin kofin silba ma ya isa, in dai ba na roba ba ne, kuma a riƙe shi ta gindi da tsumma idan za a daɗe.

Na cikin gilashi, wanda amare ke so, hanyarsa dabam ce kuma ta fi tsabta. Tunda ruwan kyandir yana taruwa a cikinsa, sai a samu doguwar ƙusa ko tsinken ƙarfe a tura lagwanin ya nutse cikin ruwan, wutar ta mutu nan take, sannan a ɗago shi a miƙar kafin ruwan ya daskare. Babu hayaƙi ko kaɗan, ƙamshin da aka sayi abin dominsa bai ɓaci da ƙauri ba, gobe kuma lagwanin zai kama da wuri. Idan yana da murfi na ƙarfe ko na gilashi ana iya rufewa, amma ban da murfin roba ko na katako. A siririn kyandir wannan dabarar ba ta cika yi ba, don ruwan da ke kansa kaɗan ne, sai dai ka tsiyayar da shi a ƙasa.

Akwai maza masu lasar yatsu biyu su matse lagwani. Na san ana yi, kuma sau da yawa ana sha lafiya, amma yara suna kallo, kuma yaro ba ya sanin cewa sauri ne sirrin abin. Shi zai kama ya riƙe.

Ruwa kuma, don Allah a bar shi. Wannan ne na fi so iyayenmu mata su ji, don shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi idan an firgita. Duk macen da ta taɓa tuyar ƙosai ta san abin da ɗigon ruwa ke yi a cikin mai mai zafi, to narkakken kyandir haka yake. Idan kyandirin cikin kofi ko gwangwani ya yi zafi har saman ruwan nasa ya kama da wuta gaba ɗaya, zafinsa ya wuce na tafasar ruwa nesa ba kusa ba. Ka zuba ruwa, ruwan ya nutse ƙasa, ya zama tururi a take, ya yi sama da kyandir mai ci ya watsa shi ko'ina. Gilashi mai zafi kuma ruwan sanyi na fasa shi. Abin da ake yi shi ne a kife da murfin tukunya ko faranti na ƙarfe, ko a zuba yashi, kuma kada a ɗauka a ce za a fita da shi waje.

In dai dole sai an hura, don na san ba kowa zai ji maganata ba, to a tattare mayafi a baya, a kare bayan harshen da tafin hannu, a hura a hankali daga gefe, sannan a tsaya a ga jan nan ya mutu kafin a matsa.

Sai dai Malam Edita, duk wannan yana da amfani ne ga wanda ya tuna zai kashe. Gobarar da na gani da idona a layinmu, kyandirin babu wanda ya hura shi, babu wanda ya rufe shi. Yaro ne ɗan makarantar sakandare, mai hankali, yana karatun jarrabawa a ɗakin zaure. Ya ɗiga ruwan kyandir a kan hannun kujerar roba ya kafa shi, kamar yadda kusan kowa ke yi a kan tebur ko durowa ko saman talabijin. Barci ya sace shi da littafi a ƙirji. Kyandir ya ci har gindi, lagwani ya kwanta a kan roba, roba ta fara ɗiga da wuta a kan leda, leda ta kai wa katifa. Allah ya sa tarin hayaƙi ya tashe shi kuma ƙofar ba a kulle take ba. Muka fito da bokitai, a unguwar da ruwan ma sai an saya wurin ƴan garuwa, ƙarshe da yashin wani gini da ke kusa aka ci ƙarfinta. Katifar soso idan ta kama, baƙin hayaƙinta ba ya barin mutum ya ga hannunsa, kuma shi ke kashe mutane tun kafin wuta ta iso su. Ba a rasa rai ba, amma takardun makarantar mahaifinsa da na filin gidan suna cikin wata jaka a ƙarƙashin gadon. Abin da na kasa mantawa shi ne ƙafafun kujerar nan guda huɗu a tsaye, saman ya narke ya zube a tsakaninsu, da mahaifiyar tana ta shafa kan yaron tana cewa, "Kai dai ka fito, kai dai ka fito."

Da an kafa kyandirin nan a cikin gwangwanin madara da aka cika da yashi, da ya ci ya ƙare ya mutu a cikin yashi, a tashi da safe babu abin da ya faru. Wannan ita ce mazauna mafi arha kuma mafi aminci da na sani: gwangwani mai faɗin gindi, yashi har kusan baki, a soka kyandir ya shiga sosai, a ɗora a kan farantin ƙarfe. Bakin kwalbar lemo da wasu ke amfani da shi bai kai wannan ba, don kwalba doguwa ce, kyanwa ko gwiwar hannu na iya ture ta. A bar tazarar aƙalla santimita 30 tsakaninsa da duk abin da ke iya kamawa, wato tsawon rular ƴan makaranta, kuma a duba sama ba gefe kaɗai ba, don zafi sama yake yi: kanta, kayan da aka rataye a ƙusa, gidan sauro. Gidan sauron nan da labule su ne manyan abokan gaba, musamman da hunturu da iska ke kaɗa su ta taga. Kafin a kunna a datse lagwani ya rage kamar rabin santimita, zai ci a natse ba tare da baƙin hayaƙi ba. Idan ya rage guntu kamar tsawon ɗan yatsa, a kashe a canja, kada a ce sai an ci kuɗinsa duka.

Mu da muke Musulmi ma ba mu da uzuri, don an riga an gaya mana. Ya zo a Bukhari da Muslim daga Abu Musa al-Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, da aka ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya bayyana cewa wutar nan maƙiyiya ce gare mu, idan za mu yi barci mu kashe ta. A hadisin Jabir kuma an yi umarni da kashe fitilu lokacin kwanciya, har aka faɗi dalili, cewa ɓera kan ja lagwani ya ƙona mutanen gida. Wanda yake da shago ya san ɓera bai canja hali ba, ina samun kyandir da tabon haƙoransa a cikin kwali. Muna koya wa yara addu'ar kwanciya barci da karkaɗe shimfiɗa, ban ga dalilin da zai sa a bar wannan a baya ba alhali babi ɗaya ne. Ina roƙon limamanmu na Juma'a da malaman Islamiyya, daga Bolari zuwa Pantami, Tudun Wada zuwa Herwagana, su ware masa ko da minti biyar ne a farkon hunturu.

A gidana dokar guda ɗaya ce: wanda ya kunna shi ne mai kashewa, kuma ba ya barin ɗakin sai ya kashe, ko da buta zai ɗauko a tsakar gida. Da zarar an ce "wani zai kashe", to babu wanda zai kashe, uwargida na zaton amarya ta yi, amarya na zaton yara sun yi. Wanda kuma ya ji idonsa ya fara nauyi, ya kashe ya kwanta, karatun da ake yi cikin gyangyaɗi dama ba ya zama. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne uwa ta kwantar da yara, ta bar musu kyandir don kada su ji tsoron duhu, ta ja ƙofa ta sa kwaɗo ta leƙa maƙwabta ko gidan biki. Tagoginmu duk da ƙarfe a jiki saboda ɓarayi. Yaron da ya farka a wannan ɗaki ba shi da ta inda zai bi. Kukan tsoron duhu na minti goma ya fi wannan sauƙi, kuma ƙaramar tocila mai batir ta ishe su.

Sauran kuwa sanannu ne, sai dai a maimaita: ba a zuba wa janareta fetur da hasken kyandir, ba a neman inda gas ke yoyo da shi, ba a fesa maganin sauro yana ci, ba a kunna shi a ɗakin da aka ajiye jarkar mai. Masu ƙulla leda su zauna a kan siminti, tarin ledar a gefe guda nesa, kuma kada a bar wa ƙananan yara aikin su kaɗai don an ga sun iya.

Idan ƙaddara ta faɗa aka ƙone, ruwa mai sanyi mai tsabta za a yi ta zubawa a wurin har kimanin minti 20, a nan ne ruwa ke da aiki. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko gishiri, waɗanda kullum ake rugowa shagona a saya a irin wannan lokaci. Kada a fasa ƙurjin da ya taso, kada a fizge tufar da ta manne, a rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti idan wurin yana da faɗi, ko a fuska ne, ko a hannu, ko jariri ne. Wanda tufarsa ta kama kada ya ruga da gudu, ya kwanta ya yi birgima, na kusa su lulluɓe shi da bargo mai kauri. Idan wuta ta fi ƙarfin bokiti a fitar da mutane tukuna, sannan a kira ƴan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112, kuma a tura yaro bakin titi ya tare motar, don lungunanmu ba kowa ya san su ba.

Sai kira ga kamfanonin da ke yin kyandir da dillalan da muke sarowa a hannunsu a babbar kasuwa. Fakitin yana da fili, an cika shi da zane da suna. Layi uku da Hausa, da boko da ajami, da ɗan hoton kyandir a cikin gwangwanin yashi, ba zai ƙara ko sisi a kan farashi ba. Mu ma masu shaguna muna da namu. Ni dai yanzu idan yaron da bai kai shekara goma ba ya zo sayen kyandir da ashana tare, nakan ba shi kyandirin in ce ya gaya wa Goggo ta aiko babba ya karɓi ashanar. Wasu iyayen suna jin haushi, har akwai wadda ta aiko a ce mini ko na ɗauka ita ba ta san tarbiyya ba ne, ta koma saye a shagon gaba. Gwangwanayen madara da mai shayin kusa da ni ke zubarwa kuma na sa ana tara mini, duk wanda ya sayi fakiti guda ina haɗa masa da ɗaya kyauta, yashin ya ɗiba a ƙofar gidansa.

Wassalam.

Naka,
Mai shago a Jekadafari,
Gombe.